Gefen dekin a manhaja: a ina kuke tsayar da layinku?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina lissafin wani gida mai bene ɗaya a ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini. Na shigo da zanen gidan daga manhajar zane ta AutoCAD, na bi layukan na zagaye kowane ɗaki da dekin mai kaurin milimita 150. Da lissafi ya fito sai na ga bim biyu, wato katangar kankare ta kwance da ke tallafe dekin, kusan babu lodi a kansu, rodin da aka ba su ko na saman taga bai kai ba, alhali kowanne yana tsakanin ɗakuna biyu manya. Don Allah duk wanda gefen dekin ya taɓa ba shi wahala ya faɗa mana yadda abin ya kasance.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ƙanena, matso da hoton sosai ka duba kusurwoyin. Ina kyautata zaton wasu sun kama layin girid, wato layin da ke bi ta tsakiyar bim, wasu kuma sun kama fuskar bango ta ciki. A wurin manhajar, bim layi ne siriri da ke tsakiyar faɗinsa. In bim ɗinka milimita 225 ne, ka tsaya a fuskar bango, to akwai tazarar milimita 112.5 tsakaninsa da dekin, kuma lodi ba ya tsallake wannan tazarar. Sai ya bi ta gefen da ya haɗu.

Ya same ni a farkon komawata kwamfuta daga lissafin hannu. Abin da ya tona shi lissafi ne na bayan takarda: ɗaki mita 4 da 5 daga tsakiya zuwa tsakiya murabba'in mita 20 ne, amma daga fuska zuwa fuska kusan 18 ne. Kashi ɗaya cikin goma ya tafi ke nan tun kafin a zo maganar haɗuwa. Tun ranar ba na duba rodi sai na fara tara nauyin da ya sauka gindin ginshiƙai na gwada da nawa. Dekin milimita 150 nauyin kansa kN (kilonewton, ma'aunin lodi) 3.6 ne a kowane murabba'in mita, lodin mazauna gida 1.5. Minti goma ya isa.

Ƴar Zazzau: Baba ya yi gaskiya a ɓangaren lissafi, sai dai ni a Revit, manhajar zanen gini, akasin haka ne ya ci ni. Na saba da layin tsakiya, sai na zana iyakar dekin a kansa har a bim ɗin waje. Daga wannan zanen aka ciro yawan kankare. Kewayen ginin mita 50 ne, ka ninka da 0.1125 da 0.15, kankare kusan kubik mita 0.84 bai shiga takarda ba, wajen buhu 5 na siminti. Ranar zuba dekin ana dab da magariba kaya suka ƙare, leburori na tsaye da kwanuka, mai gida yana kallona. Sai da aka buga wa mai shago waya ya dawo ya buɗe. Yanzu na raba su: dekin da kafinta zai kafa wa katako yana kaiwa bakin bim na waje, na lissafi kuma yana tsayawa a tsakiya. Kuma kada ku matsa wa layukan ruwan hodar nan na iyakar dekin a Revit su rufu da ƙarfi. In Revit ya ce kewayen bai rufu ba, a nemo inda layi ya hau kan layi, galibi a can matsalar take.

Mai ProtaStructure, Sakkwato: Nawa ramin matattakala ne. Na saka dekin ko'ina, manhajar ProtaStructure ta tantance nau'in kowanne, daga baya na goge na wurin matattakala ban sake sa ta tantance ba. Falon da ke maƙwabtaka da ramin ya ci gaba da zama kamar kowane gefensa yana da maƙwabci. Wanda ya san Tebur 3.14 na BS 8110, ƙa'idar Birtaniya ta lissafin ginin kankare, ya san nauyin wannan kuskure. A dekin mai tsawo da faɗi ɗaya, adadin da ake lissafa lanƙwasar tsakiyar fili da shi 0.024 ne in duk gefuna huɗu sun zarce, 0.036 in biyu masu haɗa kusurwa sun yanke, 0.055 in duka sun yanke. Rodin ƙasa ne ke raguwa, wanda ba a ganin illarsa sai an cire katako. Ogana ne ya kama shi da jan biro kafin zane ya fita, Allah ya saka masa da alheri. Haka ma banɗakin da aka sauke dekinsa ƙasa sosai, ni yankakken gefe nake ɗaukar sa, domin rodin sama ba ya wucewa a miƙe.

Abokin Aiki, Maraɗi: Mu nan Eurocode 2, ƙa'idar Turai, muka fi taɓawa, amma ciwon ɗaya ne. Baranda mai fitowa mita 1.2 na bari a matsayin mambiren, wanda ba ya lanƙwasa, lodi kawai yake miƙa wa bim. Baranda kuwa ba ta da bim a bakinta. Sai da na mayar da ita shel, wanda ke lanƙwasa, na yanka ta raga-raga, sannan murɗar da take yi wa bim ɗin baya ta bayyana.

Ɗan Fagge: Baba, Allah ya ƙara girma, haka ne. Kusurwa shida na samu a fuskar bango. Na goge dekin duka na sake zanawa a kan girid, yanzu bim biyun sun ɗauki kayansu. Sai dai jimillar manhajar ta ɗan haura tawa.

Tsohon Ma'aikaci, Kaduna: Dole ta haura. Inda dekin ya shiga cikin bim an ƙirga kankaren sau biyu: 0.15 sau 0.225 sau 24 (nauyin kubik mita ɗaya na kankare a kN), wato kN 0.81 a kowace mita ta bim ɗin ciki, rabin haka a na waje. Ninka da tsawon bim ɗinka ka gani ko shi ne bambancin. A ƙaramin gida irin naka ni barin sa nake yi. Turo mana lambobin biyu in ka gama.