Mota ta biyu ga ƙaramin iyali: Golf GTI ko wata mai kama da ita?

Uban Yara Biyu, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota game da mota ta biyu da muke shirin saye a gidanmu. Muna da Sienna, wadda ita ce ke ɗaukarmu gaba ɗaya idan za a je gaida iyaye ko biki, kuma tun da maiɗakina ta fara aiki ita ke fita da ita kusan kullum. Abin da nake nema yanzu shi ne ƙaramar mota mai gajeren baya irin ƙirar Golf, wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa sama har da gilashi, domin in riƙa zuwa ofis, in sauke babban yaro a makaranta, wani lokaci kuma in leƙa Zariya. Ina son tuƙi ƙwarai, saboda haka ina fatan samun wadda ke amsawa idan an taka ta, take kuma riƙe titi a kwana.

Yaranmu biyu ne, babban yana shekara huɗu, ƙaramar kuma ba ta cika shekara ba. Zuciyata ta fi karkata ga Golf GTI, ƙira ta 6 ko ta 7, amma na ga ana yabon Ford Fiesta ST da Mazda3. Wacce ce a cikinsu za ta iya da hanyoyinmu da fetur ɗinmu, ba tare da ta takura wa yara ba?

Tsohon Bakanike, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Zaɓinka ba laifi, domin GTI ce ta yi wa irin waɗannan motoci suna tun da aka fara sayar da ita a 1976, kuma har yau da ita ake gwada sauran. Sai dai ina so ka raba ta a ranka da Golf 2 da Golf 3 da muka saba gani suna kabu-kabu a garuruwanmu, waɗanda kowane yaron gareji zai iya kwance injinsu ya mayar. GTI ta zamani tana da injin lita 2 mai turbo wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kuma wannan tsari yana da sharuɗɗansa. Tun da fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke su, dauɗar hayaƙi tana taruwa a kansu sannu a hankali har sai an buɗe an kankare. Baƙin man da za a zuba mata dole ya dace da ƙa'idar kamfani, wadda a yawancin waɗannan injina ita ce VW 502 00, kuma a rubuce take a jikin galan. Man da ake aunawa a bakin titi ba nata ba ne ko kaɗan.

A ƙira ta 6, wadda ta fito a 2009, abin da masu saye ke fara tambaya shi ne ko an canja abin da ke ɗaure sarƙar taimin, domin na shekarun farko an san shi da saki, kuma idan sarƙa ta tsallake fistin zai daki bawul. A ƙira ta 7 kuwa a duba famfon ruwa da gidan tamostat ko suna yoyo. Idan otomatik ce, giyarta ta DSG mai kuloci biyu tana buƙatar canjin mai da tace duk kilomita 60,000, kuma ba ta son a riƙa jan ƙafa da ita a cunkoso irin na Kawo da yamma. Ka buɗe murfin tanki ka karanta lambar da ke ciki: wadda aka shigo da ita daga Turai takan nemi fetur mai lambar inganci 95, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa.

Duk wannan ba hani ba ne. Amma kafin ka biya kuɗi, ka fara samun bakaniken da ke da kwamfutar duba motocin Jamus, ka kuma shiga kasuwar Panteka ka tambayi farashin famfon ruwa da kwayil da man giya, mu ma a nan Ƙofar Ruwa haka muke sa mutane su yi. Idan amsar ba ta kwanta maka ba, ni Mazda3 ta 2010 zuwa 2013 mai injin lita 2.5 zan nuna maka. Ba ta da turbo, ƙarfin dokinta 167 ne, giyarta ta otomatik irin wadda muka saba ce, kuma sitiyarinta yana gaya wa hannu abin da taya ke takawa.

Maman Husna, Abuja:

Malam, bakanike ya yi maka bayanin inji, ni kuma zan yi maganar kujerar baya, domin a nan ne mai ƙaramin iyali yake sanin ko ya sayi motar da ta dace. Jaririyarka ba ta kai shekara ba, saboda haka kujerarta dole ta fuskanci baya, kuma irin wannan kujera tana cin wuri daga gaba zuwa baya fiye da yadda ido ke nunawa. A mota irin Fiesta, da zarar an ɗaura ta sai an tura kujerar gaba sosai, wanda ke zaune a nan kuwa gwiwarsa za ta riƙa taɓa dashbod. Ba a kuma ɗaura ta a gaba inda jakar iska take aiki, domin idan jakar ta fashe kan yaro za ta daka.

Shawarata ita ce ka ɗauki kujerun yaran biyu da keken jaririyar ka tafi da su wurin dillali. Ka ɗaura su da hannunka, ka sa yatsa a tsakanin mazauni da majingina ka lalubo ƙarafan ISOFIX da ake maƙala kujerar yara a jikinsu, waɗanda a motocin Amurka ake kira LATCH, sannan ka zauna a mazaunin direba yadda ka saba ka ga ko bayanka yana tokarar kujerar yaro. But ɗin Golf ƙira ta 7 lita 380 ne, na Fiesta kuwa bai kai 300 ba, kuma bambancin yana bayyana ne ranar da keke da jakar makaranta da cefane suka haɗu. Kada ka yarda da mai ƙofa biyu komai kyawunta, domin sunkuyawa da jaririya a hannu ta bayan kujera kowace safiya wahala ce da ba ta da dalili.

Akwai kuma tambayar da ban ga ka taɓo ba: shin Hajiya tana tuƙa manuwal? Fiesta ST manuwal kaɗai aka ƙera ta. Ranar da babbar mota ta kwana a gareji, ko yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare kai kuma ba ka gari, wannan ƙaramar ce za ta fita da ita.

Mai Son Tuƙi, Zariya:

Ina girmama bayanin Baba bakanike, amma ina ganin kada a tsorata Malam har ya sayi abin da ransa bai so ba, bayan wata shida ya fara neman mai saye. Yana da babbar mota a gida, wannan kuwa shi ne ya ba shi damar ɗaukar wadda ke buƙatar kulawa. Abin da GTI ke da shi wanda Mazda ba ta da shi shi ne ƙarfin ja tun inji bai ɗaga murya ba, kuma amfanin wannan a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya a fili yake: idan za ka wuce tirela, ka gama wucewa ka koma hannunka cikin ɗan lokaci. Ni a wurina wannan tsaro ne.

Inda zan ja kunne shi ne taya. Yawancin waɗanda ake shigowa da su suna kan wili mai inci 18 da taya 225/40, wadda gefenta siriri ne ƙwarai, rami ɗaya da damina ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin. A nemi mai inci 17 da taya 225/45, za ta fi laushi ga yara a baya kuma ba za ta rasa riƙon titi ba. Motar ta ɗan fi Golf ta yau da kullum kusa da ƙasa, saboda haka idan layinku yana da manyan tudun rage gudu ko kwata a bakin get, a gwada ta a can kafin a kammala ciniki.

Idan kuwa kayan gyara ne babban abin damuwa, akwai Toyota Matrix XRS da 'yar'uwarta Pontiac Vibe GT, waɗanda ta 2009 a cikinsu ke ɗauke da injin lita 2.4 irin na Camry. Ba su kai GTI daɗin kwana ba, gaskiya ke nan, amma babu garin da za a rasa mai gyara su.

Uban Yara Biyu, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta fitar da Fiesta daga lissafi, domin maiɗakina otomatik kaɗai take tuƙawa. Saura GTI mai DSG da Mazda3, kuma zan tafi da kujerun yara in gwada su duka. Baba bakanike, idan na tsaya a kan GTI, me zan fara dubawa a wurin dillali?

Tsohon Bakanike, Kano:

Ka je da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, sannan a kunna a gabanka ka saurara ko sarƙa za ta yi ƙara a daƙiƙun farko. Ka ɗauki lambar shasi ka bincika tarihinta ta intanet, domin da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjo bayan haɗari ko ambaliya. Ɗaga kafet da duba ramin safaya taya yakan nuna laka ko tsatsa. A sa kwamfuta a karanta inji da giya, ka kuma tuƙa ta a hankali cikin cunkoso ka ji ko tana fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Ka tabbatar sitiyarinta na hagu ne tun daga masana'anta, takardun kwastam kuma sun dace da lambar shasi. Idan ka saya, ka canja baƙin mai da man giya da fulogi a makon farko, ko da dillali ya rantse an canja.