Soket ɗin wayoyin caji na tsohon babur yana narkewa: ina matsalar take?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum. Ina da babur ɗan Japan mai injin 750, ƙirar 1994. Soket ɗin da ke haɗa wayoyi uku masu ruwan ɗorawa daga koyil (mai samar da wuta a cikin injin) zuwa rektifaya (na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir) yana yin zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, har robarsa ta yi baƙi ta fara narkewa. Mai wayarin ya canza mini rektifaya sau biyu, amma zafin bai ragu ba, kuma batir yana mutuwa idan na yi tafiyar dare. Ina neman shawara kafin in sake kashe kuɗi.

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. A ganina rektifayar ba ta da laifi, domin zafin da ya taru wuri ɗaya alama ce cewa wuta tana shan wahalar ratsa wurin. Bakin ƙarfen da ke cikin soket yana sakwarkwacewa da tsufa, ruwan damina da ƙura su sa masa tsatsa, turjiya ta ƙaru. Idan turjiyar ta kai om 0.1 kawai (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma wuta mai yawan amfiya 10 na bi ta wurin, wat 10 na zafi ne ke taruwa a ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, sassaucin ya ƙara zafin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, koyil mai maganaɗisu na dindindin yana fitar da kusan dukan ƙarfinsa muddin injin yana gudu, rektifayar kuma tana zubar da rarar wutar, saboda haka kashe fitila ba ya hutar da waɗannan wayoyi. Ka cire soket ɗin, ka auna tsakanin kowace waya biyu da mita: ya kamata awo ukun su zo daidai, ƙasa da om 1, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da jikin injin. Sannan ka mayar da shi, ka tayar da babur, ka auna kan batir lokacin da injin ke juyi 5,000 a minti, inda ake son ganin bolt 14 zuwa 14.5.

Oga Sani Rewaya: Na yarda da Malam, sai dai ina ƙarawa da cewa goge tsatsa kaɗai ba ya wadatarwa idan soket ya riga ya ƙone, domin jan ƙarfen cikin wayar ma ya yi baƙi. A yanke har sai an iske mai sheƙi, a haɗa da waya mai kauri ɗaya ko fiye, a like da dalma, a rufe kowace daban da roba mai tsukewa da zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif shi ne abin da ke ƙona babura, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Ka duba wayar at (wadda ke haɗe da jikin babur) da gidan babban fiyus ma.

Malam Na-Zariya: Dalma tana da kyau, Oga Sani, amma tana sa waya ta sandare, girgiza kuma tana iya karya ta a bakin likin, don haka dole a ɗaure wurin a jikin firam. Ni na fi son sabon soket mai hana ruwa, a matse bakinsa da filayar da aka yi domin haka, saboda za a iya cirewa a yi awo nan gaba.

Baban Hafsat: Allah ya saka muku da alheri. Koyil ɗin lafiya yake, awo ukun sun zo daidai. Da muka yanke wayar mun tarar ta yi baƙi kusan tsawon ɗan yatsa, muka sa sabon soket. Yanzu mita tana nuna bolt 14.2, kuma bayan tafiya daga Kano zuwa Wudil na riƙe soket ɗin da hannu, ɗumi kawai na ji.