Jinina sai ƙonewa yake, don Allah ku ba ni shawara

Baiwar Allah: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun haihuwata ta biyu nake fama da ciwon gaɓoɓi gashina na zuba, aka ce taifod aka ce maleriya, surukata ta ce sammu ne har ƙauyensu aka kai ni aka yi min hayaƙi, daga baya a asibiti suka ce lufus ne, wato ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kanta. Yanzu idona ya yi ɗorawa, fitsari kamar ruwan shayi, PCV (awon yawan jini) ya sauka 19, da ƙyar aka samo jinin da ya dace aka ƙara min kuma ya sake sauka. Ga ɗigo-ɗigon ja a ƙafata, dasashi na jini in na yi buroshi. Prednisolone, maganin da aka ba ni na lufus ɗin, na ajiye shi don fuskata ta kumbura. Me zan sha jini ya dawo?

Maman Biyu: Sannu 'yar uwa. Ruwan ugu da Maltina da madara, ki ga ikon Allah.

Anti Nas: Ugu ba zai yi komai ba! Ba ƙarancin abinci ba ne, garkuwar jikinki ce ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini saifa na farfasa su, shi ya sa idon ya canza, shi ya sa jinin da aka ƙara bai zauna ba. An yi miki gwajin Coombs, mai nuna ko garkuwar ce ta manne wa jinin? Filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, nawa ne? Na lafiya daga 150,000 yake farawa, ɗigon nan alama ce naki ya faɗi. Kuma wa ya ce ki yanke Prednisolone lokaci ɗaya? A hankali likita ke rage shi. Ki koma yau.

Uwargida: Hmm ni lufus ɗin nan ɓari ya dinga sa ni, dangin miji har gori suke min, sai da aka gano jinina daskarewa yake aka ɗora ni kan asfirin. Ki gwada.

Anti Nas: A'a Hajiya, naki daban nata daban. Mai zubar jini a dasashi ba ta taɓa asfirin, har Ibuprofen da Diclofenac.

Baiwar Allah: Anti ba ki ga fuskar ba ne wallahi, har maigida ya fara magana. Ai ban daina Hydroxychloroquine ba. Kuma ranar ganin likita sai wata mai zuwa.

Anti Nas: Ƙanwata ba jiran rana ake da wannan ba, sashen gaggawa za ki.

Baiwar Allah: To sai maigida ya dawo. Maman Biyu ugun ɗanye ake matsewa ko dafawa?