Neman shawara kan Datsun 240Z da na sauya wa inji

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana mota. Na gāji Datsun 240Z ƙirar 1972 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma ina son ta dawo kan titi. Makanikina a Sabon Garin Zariya ya cire injinta na asali, L24 mai lita 2.4, ya ɗora L28 mai lita 2.8, sannan muka sa gajerun sifirin da sababbin shokazoba. Injin lafiya lau yake, amma da zarar na taka rami tsakanin Kwangila da Samaru sai sitiyari ya fizge hannuna, gaban motar ya karkata dama. Mun daidaita ƙafafu har sau biyu, mun canza bushin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafafun mota), abin bai sauya ba. Shin rage tsayin motar ne ya jawo haka, kuma me ya kamata mu duba kafin in mayar da tsoffin sifirin?