Neman shawara: falankan ɗan jirgina suna tsagewa in na buga ƙusar jan ƙarfe

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina haɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa na ado da katako, irin na Turawan da, mai tafiya da iska, mai sanda biyu. Na samo zanensa a intanet aka buga mini, ma'auninsa 1 cikin 50, wato jirgi mai mita 30 ya dawo santimita 60. Ƙashin baya da haƙarƙari 12 na yanke su daga filawud mai kaurin milimita 4, sun zauna lafiya. Inda na maƙale shi ne rufin jiki. Falankan na maɗaci ne, faɗin milimita 5, kauri 1.5. Da ƙusar masu gyaran takalmi na fara, sai gefen kowace ƙusa ya yi baƙi. Na koma yanka jar waya ta wayarin ɗaki ina bugawa, ita kuma ko ta lanƙwashe ko ta tsaga falankin, musamman wajen goshi. Layukan da na riga na manna kuma sun fara buɗe baki tun da iskar hunturu ta taso. So nake ƙusoshin su fito ja, reras a jere. A taimaka mini da shawara.

Kafinta, daga Gaya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye gudumar nan tukuna. A aiki irin wannan ba ƙusa ce ke riƙe falanki ba, gam ne. Ƙusa daga baya take shigowa, kuma ba a buga ta, rami ake huda mata a zura.

Kafin ka manna komai, ka gyara bakin haƙarƙarin. Ka riga ka yanke su a miƙe, alhali jikin jirgi karkacewa yake yana tsukewa wajen goshi da baya. Ka liƙa samfefa mai lamba 120 a jikin wani siririn katako mai tsawon kamu ɗaya, ka riƙa gogawa ta kan haƙarƙari uku a lokaci guda. Ka ɗora falanki ka duba: in ya kwanta a kan dukkan kaurin haƙarƙarin, ya yi. In a kan tsini ɗaya ya tsaya, gam ba shi da wurin kamawa, kuma nan ne zai karye.

Falankin da zai lanƙwasa kada ka tilasta shi a bushe. Jiƙa shi a ruwan zafi minti 20 zuwa 30, ka kifa gwangwanin madara a kan kyandir, in ya ɗau zafi ka riƙa danna falankin a bayansa a hankali har ya ɗauki siffar. Ka matse shi a mazauninsa da maƙalen shanya da roba, ba gam, ya kwana ya bushe. Washegari ka manna da farin gam na kafintoci, a kan haƙarƙari da kuma gefen da zai haɗu da ɗan'uwansa. Wanda ya manna jiƙaƙƙen falanki shi ya sayi buɗewar baki da kuɗinsa, don yana bushewa zai tsuke. Kuma ɗaya dama, ɗaya hagu. In ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, ƙashin baya zai murɗe, ba kuwa ya miƙuwa.

Sai an rufe jiki gaba ɗaya, an goge, sannan a zo maganar ƙusa.

Mai naɗin koyil, daga Gumel:

Malam, wayar da kake yanka ta yi wa jirgin girma nesa ba kusa ba. Wayar wayarin ɗaki mai 1.5, in silli ɗaya ce, kaurinta ya kusa milimita 1.4. Mai 2.5 ta kusa 1.8. Ka ninka 1.4 sau 50, ka ga a jirgin gaske ƙusarka ta zama mai kaurin santimita 7, dole falankin milimita 5 ya tsage. Abin da kake so shi ne milimita 0.5 ko ƙasa kaɗan, wanda zai tsaya a matsayin kan ƙusa mai santimita 2.5.

Je wurin masu naɗin koyil na fanka ko injin ban-ruwa ka ce a ba ka geji 26, kaurinta wajen 0.46. Geji 24 ta kai 0.56, ita ma za ta shiga amma ta ɗan fito da yawa a ido. Lissafinka: in falanki 22 ne kowane gefe, haƙarƙari 12, ƙusa biyu a kowace mahaɗa, ƙusa 1,056 ke nan. Kowace milimita 6, ya tashi mita 6 da ɗoriya. Sayi mita 10, ragowar naɗi ma ta isa.

Wayar koyil tana da shafe a jikinta. Ka zare ta sau uku ko huɗu ta cikin samfefa mai laushi da ka ninke, shafen zai fita. Kada ka ƙona ta don cire shi, wuta na sa jan ƙarfe ya yi laushi tiɓis ya kuma yi baƙi. Don ta miƙe ta yi ƙarfi, yanki kamar rabin mita, ka ɗaure baki ɗaya a ƙusar da ke jikin benci, ka kama ɗaya bakin da filaya ka ja da ƙarfi a hankali. Za ka ji ta ɗan saki ta ƙara tsawo, to tsaya nan. Ta miƙe sak, kuma ta yi taurin da za ta shiga rami ba ta lanƙwashe ba.

Wani abu a gefe: wayar da aka kawo maka a ƙone, a dunƙule, da araha, ba ka san daga ina ta fito ba, bar ta. Mita 10 ba ta kai abin da mutum zai ja wa kansa magana ba.

Maƙerin fari, daga Kazaure:

Ɗana, baƙin da ka gani ba tsatsa kaɗai ba ce. Akwai wani sinadari mai bauri a jikin itace irin maɗaci, in ya haɗu da baƙin ƙarfe ga danshi sai ya yi baƙi. Shi ne abin da ke faruwa in baduku ya shafa ruwan ƙarfe a fatar da aka jeme da bagaruwa. Ruwan da ke cikin farin gam ya isa ya tayar da shi. Jan ƙarfe ba ya yin haka. Ko allurar da za ka kafa na ɗan lokaci, kada ta kwana a jiƙaƙƙen katako.

Abin huda kuwa, in ba ka samu bakin diril na 0.5 ba, yi da kanka. Ɗauki siririyar allurar ɗinkin hannu, ka karya tsinin, ka wasa bakin a dutsen washi ta gefe biyu ya zama kamar bakin kurfi. Ka kafa ɗaya ƙarshen a guntun kara ko itace mai kaurin fensir, ka bar milimita 8 kawai a waje don kada ta karye. Murzawa za ka yi tsakanin yatsa biyu, ba dannawa ba. Allura mai tsini buɗa zaren katako take yi, shi ya sa take tsagawa. Mai faffaɗan baki yankawa take. Gwada a guntun falanki: wayar ta shiga da ɗan matsi, ba ta faɗa da kanta ba, ba kuma sai da guduma ba.

Wajen sakawa kada ka yayyanka wayar gutsi-gutsi, za ka wuni kana nemansu a ƙasa. Riƙe doguwar a hannu, ka dangwala bakinta a ɗigon sufa gulu ɗan mitsitsi, ka zura milimita 4 zuwa 5, ka datse da abin yanke farce dab da katako, ka wuce rami na gaba. Ban so ka dangwala a farin gam ba, yana da ɗan tsami, yakan sa jan ƙarfe ya yi kore a gefe.

Malamin koyar da aikin katako, daga Haɗeja:

Abin da suka faɗa haka yake. Amma tsagewar wajen goshi tana da wani dalilin da ba a taɓo ba: falanki ba ya tafiya da faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe. Yanki siririyar takarda ka kwantar a bakin kowane haƙarƙari, daga ƙashin baya zuwa sama, ka auna. A ce na tsakiya ya ba ka milimita 110, ka raba 22, kowane falanki 5. Na kusa da goshi ya ba ka 66, ka raba 22, ya zama 3. To kowane falanki sai an fere shi daga 5 zuwa 3 a wannan wurin, ta gefe ɗaya kawai, da reza da samfefa. Ka sa alamar rabon a jikin kowane haƙarƙari da fensir. Ƙa'idar ita ce kada falanki ya sirance ya gaza rabin faɗinsa. In lissafi ya kai ka ƙasa da 2.5, ka tsayar da falanki ɗaya a haƙarƙarin da ke baya, biyu su koma ɗaya. Inda faɗin ya gaza milimita 4, ƙusa ɗaya a tsakiya ta isa. Kuma kada rami ya matso ƙarshen falanki ƙasa da milimita 2.

Sai ka yanke shawara kan ƙasan jirgin tun yanzu. Manyan jiragen katako na wancan zamani ana lulluɓe musu inda ke cikin ruwa da fallayen jan ƙarfe, saboda wata tsutsar teku mai huda katako da kuma tarkacen da ke manne wa jiki yana rage gudu. Sojan ruwan Ingila sun gwada haka a jirgin Alarm a 1761, sai aka tarar jan ƙarfen da ruwan gishiri suna cinye ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe jirgin. Shi ya sa a shekarun 1780 suka koma ƙusoshin jan ƙarfe a ƙasan ruwa. Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 kuma yake ajiye a Greenwich a Landan, nasa lulluɓin gauraye ne na jan ƙarfe da zinki, shi ya sa ya fi kama da ruwan ɗorawa. Falle ɗaya yakan kai tsawon ƙafa 4, faɗin inci 14, a ma'auninka tsawon milimita 24, faɗin milimita 7. In za ka lulluɓe, ƙusoshin ƙasa asarar wahala ce, ba mai ganinsu. Ni dai a aikin farko na fi son ka bar katakon a fili da ƙusoshinsa, maɗaci da jan ƙarfe suna karɓar juna.

Layin ƙusa kuma kada ka bi da ido. Kafin ka rufe falanki na ƙarshe na sama, sa alamar tsakiyar kowane haƙarƙari, ka ja layi da fensir ta gefen takarda mai kauri har ƙasa. Filawud ɗinka milimita 4 ne kacal, kuskuren milimita 2 ya isa ramin ya faɗa fanko.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. To Baba, layuka biyar ɗin da na riga na manna, masu baƙi da buɗaɗɗen baki, in cike su da garin katako da gam ne ko yaya? Kuma in dakata sai damina ne in ci gaba?

Kafinta, daga Gaya:

Cire su. Ciko a maɗaci ba ya ɓoyuwa, banish na hawa zai fito fili, baƙin ƙarfen kuma ya riga ya shiga ciki, gogewa ba ta kai masa a kaurin 1.5. Ɗiga ruwan zafi a mahaɗar, ka jira minti 10, farin gam zai saki, ka zura reza ka ɗaga. Ka kankare tsohon gam daga haƙarƙarin, sabo ba ya kama tsoho.

Kada ka jira damina. Yanzu ne lokacin rufi. Katako a faɗi yake tsukewa da kumbura, a tsawo kusan ba ya motsi. Wanda aka manna a watan Agusta yana cike da danshi, Janairu na zuwa zai buɗe. Wanda aka manna a bushe, in damina ta zo matsewa zai ƙara yi. Sharaɗin dai katakon ya bushe da gaske. Na kasuwa, ko daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ka ɗauko shi, kada ka ɗauka busasshe ne. Tsaga falankan, ka jera su a ɗakin da kake aiki, a inuwa, da 'yan tsinke a tsakani da nauyi a kai, sati biyu zuwa uku.

Malamin koyar da aikin katako, daga Haɗeja:

Na yarda da rufi a hunturu, amma da gyara ɗaya. Busasshen falanki da aka matse ƙam, in danshin damina ya shige shi ta ciki, wani lokacin tasowa yake ya yi doro. Maganinsa a shafe cikin jirgin kafin a rufe bene: banish da aka tsinka rabi da rabi da tina, shafi biyu, har jikin haƙarƙarin. Ciki da waje su sha daidai. Kuma a hunturu farin gam na saurin yin fata, kada ka shafa wa falanki gaba ɗaya ka tsaya gyara zama. Shafa haƙarƙari uku, ka danna, ka ci gaba.

Maƙerin fari, daga Kazaure:

Saura gamawa, a nan ake ɓata aikin da ya yi kyau. Kada ka hau kan ƙusoshin da samfefa kai tsaye. Jan ƙarfe ya fi katako tauri, samfefar za ta ci katakon da ke gefe ta bar ƙusa a tsaye, garin jan ƙarfen kuma ya shige ramukan maɗaci ya dusashe shi. Kafin ka fara huda, yi wa jikin shafi ɗaya na tsinkakken banish, shi zai hana gari da sufa gulu shiga. In ka gama sakawa, bi kowane layi da ƙaramin magagari mai laushi a kwance har ƙusa ta yi daidai da katako. Sannan samfefa 320 a naɗe a jikin katako, ba a yatsa ba, kana bin tsawon falanki, sai 400. Kakkaɓe da busasshen burushi.

Daga nan kada ka ƙara taɓa jikin da hannu, zufa na dusashe jan ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Kada kuma a ce maka ka goge da tsamiya ko lemon tsami. A kan munduwa yana aiki don ana ɗaurayewa, a nan kuwa tsamin zai zauna a katako ya riƙa fito da kore. Ka sa banish a ranar da ka goge, shafi biyu ko uku marasa kauri. Ka yi da sassafe kafin ƙura ta tashi, ka yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, ka kifa kwali a kan jirgin har ya bushe, tsakanin shafi da shafi kwana ɗaya.