Littafi na uku ya hana ni barci

Mai Fitila:
Na kai na uku a jerin littattafan nan,
Barci ya yi ƙaura, ba alamar dawowa.
Gawa a rijiya, an datse yatsunta,
Don kada zanen yatsa ya zam mai tonawa.
Ɗan sandan da na ba amana tun farko,
Ashe da hannunsa aka yi jefawa.

Sarkin Gardama:
Mai Fitila, fitilarki ba mai ne?
Tun na ɗaya muka gano mai kashewa.
Wanda marubuci ya fi wankewa tas,
Shi ake tuhuma, ba sai an yi dubawa.
Ke da kyankyaso ke sa ki haye gado,
Me ya kai ki karatun jini da ruɓewa?

Mai Fitila:
Sarkin Gardama, sarkin leƙen shafin ƙarshe,
Ka saci amsa, ka zo hanci kana hurawa.
Ba jinin ya girgiza ni ba, ji da kyau,
Uwar ce, da lambar 'yarta take bugawa,
Kullum da dare, shekara ta zagayo,
Wayar na ƙara, babu mai ɗagawa.

Gimbiya:
Allah ya ƙara basira, Yaya! Sarki, a nemi ruwa a sha.

Malam Aruli:
Ku dakata. Ɗangon "Don kada zanen yatsa" ya zarce 'yan'uwansa, ƙafa ta karye. Kuma amsa-amon "wa" arha gare shi, kowane fi'ili yana ba da shi kyauta. A wane kari kuke tafiya?

Gimbiya:
Malam, Halilu ɗan Ahmad, masanin awon waƙar Larabci, karuruwa 15 ya tsara, aka zo aka ƙara Mutadarak ya zama na 16. Na Yaya shi ne na 17.

Malam Aruli:
Wanda ya ƙara ya san ilimin. Ke son kai ne kawai.

Sarkin Gardama:
Malam ya zo da ma'auni gidan makoki,
Ana kuka shi gaɓoɓi yake ƙirgawa.
Ka ba mu baiti ɗaya naka mu auna,
Shekara nawa kana gyara ba rerawa?

Malam Aruli:
Gobe in Allah ya kai mu.

Ɗan Auta:
Sai yau na shigo, ku yafe jinkiri,
Ina tsakar na biyu kun yi mini tonawa.
Ɗan sandan nan nake wa addu'a kullum!
Wa zai biya ni?