Neman kalma: me za mu kira Silicon Valley a rediyo?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo a nan Jos, shirin kan tarihin Silicon Valley ne. Labarin kam na haɗa shi. Yanki ne kudu da San Francisco a Amurka inda kamfanonin kwamfuta suka taru, a da can gonakin kayan marmari ne. A 1939 Hewlett da Packard, ɗaliban Frederick Terman na Jami'ar Stanford, suka soma kamfani a garejin mota a Palo Alto. A 1956 William Shockley ya buɗe nasa, shekara na zagayowa mutum takwas suka bar shi saboda wuyar sha'aninsa, suka kafa Fairchild. Biyu daga cikinsu, Noyce da Moore, su suka kafa Intel a 1968. Sunan wurin ne ya gagare ni. Tsohuwata a Anguwar Rogo ba ta fashin shirin, so nake ta gane.

Injiniya: Kwarin Siliki mana.

'Yar Gangare: A'a Injiniya, siliki ai yadi ne. Kana faɗin haka mutane za su ɗauka Kantin Kwari ake nufi. Sai dai Kwarin Silikon.

Injiniya: Gaskiyarki Hajiya. Silikon daga yashi ake tace shi, da shi ake yin 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfuta da waya.

Malamin Hausa: To Kwarin Yashi ke nan. Ni dai Zangon Fasaha na fi so, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina shi. Zango inda fatake ke sauka ne, wannan ya ja wancan har wuri ya zama gari. Haka Fairchild ya haifi Intel. Har yaushe za mu yi ta ara kamar ba mu da gado?

'Yar Gangare: Allah ya gafarta Malam, zango wurin yada kaya ne a kwana a wuce. Su kuwa zama suka yi. Jos ce ma misali: kuza ta tara mutane, suka kafa gari.

Malamin Hausa: Matsalar ke nan. Hausar Jos rabinta Turanci ce, shi ya sa kunnenku ba ya ɗaukar kalma ta asali.

Injiniya: Haba Malam. Wanda ya ce mota da rediyo da makaranta firamare a Kano, Hausar wa yake yi? Kada a raina mu, a nan aka haife mu, da harshen nan muka buɗe baki.

Malamin Hausa: Ban raina kowa ba. Kishi ne.

Mai gabatar da shiri: Don Allah a yi haƙuri, lokaci na tafiya. Sunan nan ma ɗan jarida Don Hoefler ne ya yaɗa shi a 1971, wato laƙabi ne, kamar yadda Turawa ke kiran Jos garin kuza. Zan faɗe shi yadda yake sau ɗaya, in bi da "matattarar kamfanonin kwamfuta", sannan in yi bayanin yashin. Malam, idan na zo kan Yaba, unguwar kamfanonin fasaha a Legas, zan gwada zangon naka, in ji me masu kiran waya za su ce.

Malamin Hausa: Matattara ba laifi, amma ta yi tsawo. Zan saurara.